Bodari a Lambun Madam Odet

Tun da na sauka Maraɗi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zo fadarmu sai ya ja kujera ya ce, "To Malam Lawali, yaya Faransa?" kamar Faransa kasuwar ƙauye ce da mutum zai ce ta ci ko ba ta ci ba. Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura kowa na ƙara masa gishiri in ya fita. Shekaranjiya wani ya tare ni a bakin masallaci yana mini barka da kashe damisa a Paris. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya ƙara tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ɗiyata Zuwaira ce ke aure a Lyon. Mijinta Hamadu mutumin Garwa ta Kamaru ne, injiniya, can suka haɗu wajen karatu. Da cikinta na fari ya tsufa sai muka nemi biza, ni da uwarta Hajiya. Masu hikimar da ke duba takardu suka zauna suka yi nazari mai zurfi, suka hana wadda ta san wankan jego, suka ba ni, ni da ban taɓa dafa ruwan zafi ba sai na shayi. Hajiya ta huce haushinta a kan balis ɗina, wato akwatin tafiya: kilishi, yajin jego, kanwa, kuka, daddawa. A can sama ta shimfiɗa babbar rigata sabuwa, shadda ruwan bula mai aikin hannu, wadda tela ya yi wata biyu yana mini ƙarya a kanta.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na faɗa ba. Jirgi kuma jirgi ne, an ɗaure ka a kujera an ba ka abinci cikin kwanon da ko kyanwa za ta raina.

A filin jirgin Paris ɗan sandan iyaka ya duba hotona, ya dube ni, ya sake duba hoton, kamar ni na zaɓi fuskar. Ya tambayi aikina. Na ce shekara talatin na yi a ma'aikatar kiwo kafin na yi ritaya. Ban ga dalilin gaya masa cewa shekara ashirin da biyar daga ciki a bayan tebur na yi su ba, ina buga hatimi a takardun rigakafin shanu. Ya buga nasa hatimin, na ga bai kai ni iya bugawa ba, na wuce.

Wajen duwan kuwa, masu binciken kaya, kare ne shugaba. Ya zo da rigarsa ta aiki, ya shinshina balis ɗina, ya zauna. Nan take aka buɗe. Kilishin Hajiya ya tafi, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya har ya bugi tebur. Ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu. Na ce miya ce. Ya ɗaure da kansa ya mayar mini, bai ko nemi takarda ba.

Ƙanena Sanusi ne ya tarbe ni. Ya fi shekara ashirin a can yana tuƙin tasi, kuma ya zama irin mutanen nan da ba su iya gama zance da harshe ɗaya. Na rungume shi na fara gaisuwa, ina tambayar iyali da aiki da sanyi, sai ya ce, "Yaya, vite vite, yi sauri, a nan ba haka ake yi ba." Wannan magana ita ce abincina na kwana biyar. In na tsaya, a nan ba haka ake yi ba. In na zauna, a nan ba haka ake yi ba. Mutumin da na goya a bayana zuwa gonar Baba shi ke koya mini yadda ake tsallaka titi.

Gidansa a La Courneuve yake, hawa na goma sha ɗaya, kuma asansar, akwatin nan da ke hawa da mutane, ta lalace ranar da na iso, don girmama baƙo. A hawa na shida na gamu da wani dattijo yana saukowa. Na yi masa gaisuwa cikakkiya yadda aka koya mana. Ya dafe aljihunsa ya ce ba ya bukatar komai. Sai a hawa na tara wata mata ƴar Chadi ta ji ina nishi da Hausa, ta ce, "Sannu Baba, kawo jakar." Ita kaɗai ce ta tabbatar mini akwai mutane a ginin.

Matar Sanusi ta tafi ganin gida, don haka abincin gwauraye muka ci. Burodi dogo kamar sanda, mai yanka dasashi, da cuku iri iri. Ya buɗe wani mai kore kore a ciki, ya ce shi ne na manya. Na shinshina. Mutanen da ke cin wannan abu da cokali mai yatsu su ne suka ja da baya don daddawa.

Ya kai ni na ga hasumiyar ƙarfen nan da kuke gani a hoto. Eriya ce babba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a gindinta wani mutum ne mai kwat da nakatai, kare ya ja shi ya tsaya, ya yi abin da zai yi, mutumin ya duƙa da leda ya kwashe, ya ɗaure, ya riƙe a hannu suka ci gaba da tafiya. Na tambayi Sanusi wane ne mai gida a cikinsu. Ya ce ban gane wayewa ba. Na yarda.

Kwanana biyar Hamadu ya kira, Zuwaira ta sauka lafiya, namiji. Muka shiga jirgin ƙasa mai gudun nan zuwa Lyon. Mutum ya fi hamsin a ɗakin, amma shiru kamar gidan makoki. Ana cikin haka Hajiya ta kira talho tana tambayar ko kanwa ta isa. Na amsa da muryar da Allah ya ba ni. Kai hamsin suka juyo lokaci guda. Sanusi ya nutse cikin kujera yana kallon taga, ya bar ni kamar bai taɓa ganina ba.

Su Zuwaira a Bron suke, ƙarshen layin taram kusan, jirgin nan na cikin gari, suna haya a ƙasan gidan wata tsohuwa, Madam Odet. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta na zuwa sau ɗaya a shekara, tana zaune da kaji huɗu, kowace da sunanta. Tana ganina ta taho da baki a tsuke za ta sumbaci kumatuna. Na ja da baya na dafe ƙirji, ita ma ta dafe nata, muka tsaya muna kallon juna kamar masu ciwon zuciya biyu. Amma mace ce ta kirki. Ita ta riƙa kai Zuwaira awo, kuma da kanta ta ce a yi suna a lambunta ranar Lahadi. Zuwaira ta riga ta gaya mata babanta babban likitan dabbobi ne a Nijar. Ban ƙaryata ba. Wa zai ƙaryata ɗiyarsa tana jego?

Ragon suna ya iso ranar Asabar cikin kwali, a yanke, a jere, da takarda manne. Ban ga ƙahonsa ba, ban ji kukansa ba, sai dai na yarda da Hamadu cewa rago ne. Aka kafa rumfa, aka jera tebura kusa da akurkin kaji. Sanusi ya tafi kwana wajen abokinsa a Villeurbanne.

Lahadi da hantsi ina shafa turare, na sa riga ƴar ciki, babbar rigar na rataye, sai na ji ihun Madam Odet daga lambu. Muka fita ni da Hamadu. Ashe kwana da kwanaki wani abu na sace mata ƙwai, ta ɗana tarko irin na keji, na waya, wanda ƙofarsa ke faɗowa in dabba ta shiga, ba ya ji mata ciwo. Tarkon yana nan taku uku daga teburin da za a ajiye abinci. A ciki ga wani abu baƙi wuluk, da farin zane biyu daga ƙeya har gindi, da wutsiya buzu buzu.

Na ce, "Inna lillahi. Bodari."

Madam Odet ta ce mufet ne, kuma babu shi a dajin Faransa, sai dai in na wani ne ya tsere, don akwai masu kiwonsa a ɗaki. Na ce a maimaita mini. Aka maimaita. Mutum da hankalinsa, ga kyanwa ga zomo a duniya, ya zaɓi bodari.

Wanda bai san bodari ba ba zai gane tashin hankalin ba. Ina yaro a ƙauyenmu wajen Dakoro ya taɓa yi wa karenmu feshi a bayan rumbu. Kwana goma karen na bin mu muna jifarsa. In wannan ya saki abinsa a nan, ba suna, ba rumfa, ba shinkafa, kuma tagar ɗakin mai jego tana kallon wurin. Baƙi za su fara zuwa ƙarfe goma sha ɗaya, da liman, da mutanen Garwa da suka taso tun daga Marseille.

Hamadu ya kira ofishin da ke kula da irin wannan. Na'ura ta amsa masa cewa yau Lahadi. Ya kira wata lamba, aka ce in dabbar ba ta ciji kowa ba a jira Litinin. Na ce a kawo tabarya. Madam Odet ta kusa suma. Hamadu ya ce, "Baba, in muka kashe shi a nan, mu za a zo ɗauka, ba shi ba."

Sai tsohuwar ta juyo ta kama hannuna biyu ta ce Allah ne ya kawo dokta. Na waiga in ga doktan. Zuwaira na tsaye a taga da jariri a kafaɗa, ta ce, "Baba, don Allah." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Abin da na sani game da bodari guda biyu ne, kuma ba a ma'aikata na koye su ba, wajen kakata ne. Ba ya son a ba shi tsoro, kuma ba ya harbin abin da bai gani ba. Hamadu ya duba talho ya ce masana ma haka suka ce, a lulluɓe kejin da babban mayafi mai kauri. Na ji daɗi da masana suka cim ma kakata.

Aka shiga neman mayafi. Madam Odet ta kawo tawul, bai kai rabin kejin ba. Ta kawo zanen tebur, na leshi ne, duk huji. Barguna na ɗakin mai jego, ba mai taɓa su. Ledar rumfa kuwa ƙara take kamar ana yayyaga takarda. Na tsaya ina tunani, sai na ga Hamadu na kallon ƙofar ɗakina, inda shaddata ke rataye. Ya yi sauri ya sunkuyar da kai, don yaro ne mai kunya. Amma na riga na gani.

Na ɗauko ta. Na ce kowa ya koma bakin ƙofa, a kulle kaji, kada wanda ya yi tari. Na tuɓe takalma. Na ware rigar a gabana, hannu biyu a buɗe, ta rufe ni daga hanci har ƙasa, idona kaɗai ke leƙe ta saman wuya. Na fara tafiya a duƙe, taku ɗaya, in tsaya, taku ɗaya, in tsaya. Kuma ina yi masa magana ƙasa ƙasa don kada ya ji ni kwatsam. Ban san me ake gaya wa bodari ba, sai na gaishe shi. "Ina kwana. Ina gajiya. Yaya iyali. Yaya baƙunta." Shi ne na farko a Faransa da ya tsaya ya saurari gaisuwata har ƙarshe.

Saura taku biyu ya ɗago kai. Ya buga ƙafafun gaba a ƙasan kejin, dab dab dab. Wutsiya ta miƙe. Ya fara lanƙwasa jiki, kai na kallona, gindi ma na neman kallona. Na daskare. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, gumi na bin bayana cikin sanyin nan, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Can wutsiyar ta fara sauka kaɗan kaɗan. Ya juya ya ci gaba da lasar ɓawon ƙwai. Na ƙara taku. Na ƙara. Na sauke rigar a kan kejin a hankali, tun daga gefena har ɗaya gefen, yadda ake rufa wa mai barci. Shadda ta sauka ta rufe ko'ina, aikin hannun tela yana sama yana ƙyalli.

Na bar shi cikin duhu kamar minti goma ya huce. Sannan na laluba mariƙin kejin ta saman riga, na ɗaga ba girgiza, na riƙe shi nesa da cinyata, na bi gefen katanga da shi kamar mai ɗauke da kwanon miya cike fal. Na kai shi can ƙarshen lambu bayan ɗakin ajiyar itace, inda iska ke kaɗawa waje, na ajiye a inuwa. Na dawo da baya da baya. Da na iso Madam Odet ta sumbace ni a kumatu biyu kafin in dafe ƙirji.

Ta tuna ta ga takardar cigiyar wata dabba a gidan burodi. Ta je ta kwafo lamba, aka kira, wata mata ta fashe da kuka a talho ta ce tana zuwa.

Nan ya kamata labarin ya ƙare, da Sanusi bai iso ba. Ya shigo da farar kwat, yana ƙamshi, aka ba shi labari. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Yaya, ka wahalar da kanka a banza. Na nan duk an cire musu abin warin. C'est fini. A nan ba haka ake yi ba."

Na ce, "Sanusi, bar shi."

Ya ce hoto ɗaya kawai zai ɗauka ya aika gida. Ya tafi da takalmansa masu ƙwas ƙwas, ya tsuguna, ya yaye shaddata da ƙarfi kamar mai buɗe sabuwar mota, ya kai talho bakin waya, fitila ta haska.

Ba mu ji ƙara ba. Sanusi muka ji. Ya miƙe yana ihu da Hausa tsantsa, irin ta Dakoro, ba kalmar Faransanci ko ɗaya. Allah ya taimake mu iska ta kwashe mafi yawa ta kai wa maƙwabta, amma abin da ya iso mu ya isa a rufe tagogi. Madam Odet ta jefa masa sabulun wanke kwanoni da kwalbar binegar, ruwan tsamin nan, daga nesa, Hamadu ya miƙa masa tiyon ban ruwa. Aka sa kwat ɗin cikin leda uku. Shaddata ma ta samu rabonta, tana can an binne ta a Bron.

Mai bodarin ta iso, budurwa da zobe a hanci. Ta buɗe kejin, ta ɗauke shi ta rungume, tana kiransa Karamel. Ta ce ba a cire masa komai ba, ita ba ta yarda da zalunci ba. Sannan ta tambaya wane ne ya firgita shi, don yana da raunin zuciya. Muka nuna mata Sanusi, yana tsaye a jiƙe cikin tsohon wandon aikin mijin Madam Odet. Ta yi masa faɗa sosai, daga nesa.

Baƙi suka zo, aka ƙona turaren wuta har rumfa ta yi hayaƙi. Ni na zauna kusa da liman cikin ƴar shara da rigar sanyin Hamadu. Sanusi aka ajiye masa kujera can gindin katanga, shi kaɗai, da farantinsa. Liman ya yi addu'a, na gyara zama na gyara hula, don jikan fari namiji, kuma kowa ya ga abin da kakansa ya yi da safe. Sai na ji an ce, "Sunan yaro Muhammadu Sanusi."

Ashe a can gwamnati ke riga dangi jin suna. Tun kwana uku da haihuwa aka rubuta a takarda, ko zaki na kama ba abin da zai sauya.

Na shiga ɗaki wajen Zuwaira. Ba ta bari na yi magana ba. Ta ce, "Baba, shekarar da na zo karatu ban san kowa ba. Baba Sanusi ya bar mini ɗakinsa ya koma kwana a kujera wata takwas. Da na yi ciwo shi ya yi jinyata, ya hana a gaya muku don kada hankalinku ya tashi. Bai taɓa faɗa maka ba?"

Bai taɓa ba. Mutumin da ba ya iya ganin an ɗaura igiyar takalmi bai yi sharhi ba.

Na karɓi yaron na fita da shi. Na bi ta tsakiyar lambu har inda hancina ya ce in tsaya. Sanusi ya miƙe yana ɗaga hannu. "Tsaya nan, Yaya. Kar ka matso da shi." Idanunsa sun yi ja, hawaye na zuba. Na san abin bodari na sa hawaye, don haka ban tambaye shi ba. Na juya fuskar jaririn wajensa, na ɗaga shi kaɗan. Ya miƙa wuya, ya ƙanƙance ido, bai hango komai ba sai zane.

Ya ce, "Da wa ya yi kama?"

Na duba yaron da kyau, goshin, kunnuwan, yadda ya ɓata fuska yana barci.

Na ce, "Da ni. Kai suna kawai ka samu."